Bullfrogs na Anaheim: Zakarun da Gasa Ta Mutu Ta Bari

Ranar 3 ga Yuni, 1993, a birnin Montreal na ƙasar Kanada, saura minti ɗaya da daƙiƙa 45 a tashi wasa, ƙungiyar Kings ta Los Angeles tana gaba da ci 2 da 1. Wasa na biyu ne a zagayen ƙarshe na Kofin Stanley, kofin da babu kamarsa a hokin ƙanƙara, kuma Kings ta riga ta ci wasan farko. Sai kocin Montreal, Jacques Demers, ya nemi alƙalin wasa ya auna sandar wani ɗan bayan Kings mai suna Marty McSorley. Aka auna, aka tarar lanƙwasar bakin sandar ta wuce ƙa'ida, aka fitar da shi na minti biyu. Kafin ya dawo Montreal ta farke, ta kuma ci a ƙarin lokaci. Daga nan ta bi sauran wasanni uku ta lashe, ta ɗauke kofi. Mutanen kudancin Kalifoniya, waɗanda ba su daɗe da kamuwa da son wannan wasa ba, suka shiga bazara da takaici a maƙogwaro.

Bayan kamar wata guda, wan wannan Marty, Chris McSorley, ya fito da wata sabuwar ƙungiyar hoki a garin Anaheim, kudu da Los Angeles. Babu ƙanƙara a ƙarƙashin 'yan wasansa. Takalma masu taya ne a ƙafafunsu. Sunan ƙungiyar Bullfrogs, wato manyan kwaɗi, kuma kafin ƙarshen wannan bazara ta kawo wa yankin kofin hoki, ko da yake ba wanda suka so ba ne.

Hokin ƙanƙara wasan ƙasashen sanyi ne. Ana yin sa a kan daskararren ruwa, kowane ɗan wasa da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa da doguwar sanda mai lanƙwasa a hannu, ana kora wani ɗan baƙin faifan roba mai tauri zuwa raga. A Kanada yaro na iya koyonsa a kan tafkin bayan gida idan hunturu ya kama. A Kalifoniya kuwa, inda rana ke haskawa kusan duk shekara, sai da injin sanyaya da wuta mai tsada ake samun ƙanƙarar, don haka filayen kaɗan ne, kuma na masu hali ne. Abin da ya canja al'amarin ciniki ɗaya ne. Ranar 9 ga Agusta, 1988, ƙungiyar Edmonton ta miƙa wa Kings Wayne Gretzky, ɗan wasan da mafi yawan masana ke cewa ba a taɓa yin kamarsa ba. Kujerun da suka saba zama babu kowa suka cika, taurarin fina-finai suka fara zuwa kallo, yara suka fara roƙon iyaye a saya musu sanda. To, a ina za su buga?

Amsar tana kan kwalta. Tun wajen 1980 wasu 'yan'uwa biyu a jihar Minnesota, Scott da Brennan Olson, masu buga hoki, suka gyara wani tsohon samfurin takalmi mai tayoyi a jere ɗaya don su riƙa atisaye idan ƙanƙara ta narke. Daga nan kamfanin Rollerblade ya samo asali. Zuwa farkon shekarun 1990 takalmin ya zama yayi a Amurka, miliyoyin mutane sun saya. Yaran Kalifoniya suka mai da wuraren ajiye motoci da filayen tanis da titunan unguwa filin hoki, da kwandon shara ko jakar makaranta a matsayin raga.

Akwai wani dattijo a yankin da idonsa bai taɓa wuce irin wannan dama ba. Dennis Murphy ya taɓa riƙe magajin garin Buena Park, maƙwabcin Anaheim, amma sana'arsa ta gaskiya ita ce kafa gasa don ta ƙalubalanci wadda ta riga ta kafu. Yana cikin waɗanda suka kafa gasar kwando ta ABA a 1967, wadda ta yayata jifan maki uku, har a 1976 babbar gasar kwando ta NBA ta haɗiye ƙungiyoyinta huɗu. Yana cikin waɗanda suka kafa gasar hoki ta WHA, wadda ta fara wasa a 1972, ita ma babbar gasar hokin ƙanƙara ta NHL ta karɓi ƙungiyoyinta huɗu a 1979. A wannan WHA ɗin ne Gretzky ya fara buga wasan kuɗi yana ɗan shekara 17. Ashe Murphy yana da hannu, ta nesa, a zazzaɓin hokin da ya kama Kalifoniya. Yadda ake ba da labari, yara ya gani suna buga hoki da takalmin taya a kan siminti, ya ce a ransa wannan ma gasa ce. Ya haɗa kai da Alex Bellehumeur da Larry King, tsohon mijin gwanar tanis Billie Jean King, da kuma Ralph Backstrom, wanda ya ci Kofin Stanley sau 6 da Montreal. Suka kafa Roller Hockey International, wadda aka fi sani da RHI, suka sa wa kofinta sunan Murphy.

Shigar Backstrom ita ta jawo mutumin da ya zama mai Bullfrogs. Tun farkon shekarun 1970, lokacin da Backstrom ke buga wa Kings, shi da wani abokinsa Maury Silver suka fito da takalmi mai tayoyi a jere don 'yan hoki su yi atisaye a kan titi. Kasuwa ba ta karɓe shi ba a lokacin. Sun yi sammako da wajen shekara goma, wasu suka zo daga baya suka kwashi ribar. Da aka tashi kafa RHI bayan shekara ashirin, Silver da 'ya'yansa suka karɓi ƙungiyar Anaheim. Ina ganin wannan yana da muhimmanci wajen fahimtar abin da ya biyo baya. A gasar da mutane da yawa suka shiga don sun ji ƙanshin kuɗi, masu Bullfrogs mutane ne da suka yi imani da takalmin tun kafin kowa ya san shi.

Sa'a kuma ta zo musu da gida. A watan Yunin 1993 aka buɗe wani katafaren zauren wasa a Anaheim mai cin mutum sama da 17,000. Kamfanin Disney ya riga ya samu izinin kafa ƙungiyar NHL da zai sa a ciki, mai suna Mighty Ducks, wato agwagi masu ƙarfi, sunan da aka ɗauko daga wani fim ɗinsa na yara na 1992, har zauren ya samu laƙabin Tafki saboda agwagin. Amma agwagin ba za su fara wasa ba sai Oktoba. Duk tsawon bazara sabon zaure yana nan da sanyin na'ura da kujeru masu laushi, kowa a gari yana son ya leƙa ya ga cikinsa. Kwaɗi suka riga agwagi shiga tafki.

Wasan da mutane suka tarar ba hokin ƙanƙara ba ne da aka ɗora kan taya kawai. An rage 'yan wasa, huɗu-huɗu da mai tsaron gida maimakon biyar-biyar, don fili ya buɗe. An raba lokaci kashi huɗu, kowane minti 12, irin na kwando. An cire shuɗayen layukan da ke hana 'yan gaba yin satar fage. A wasu wurare a kan siminti mai sulɓi aka fara, daga baya akasari aka koma shimfiɗa ƙananan tayil na roba masu shiga juna. Faifan ma daban ne, ya fi na ƙanƙara rashin nauyi, kuma yana da wasu 'yan ƙusoshin roba da suka ɗan fito sama da ƙasa, a kansu yake zamewa don kada ya tashi tsaye ya yi ta birgima. An bar bangaza da ƙirji da kafaɗa kamar yadda ake yi a ƙanƙara. Sakamakon haka ƙwallaye suka riƙa zuba: a haɗa ƙungiyoyi biyu a ga ci sama da goma abu ne na yau da kullum.

Wahalar tana ga ƙafa. A kan ƙanƙara, ɗan wasa da ke gudu yana iya juya ƙafafunsa gefe, kaifin ya kankare ƙanƙarar, ya tsaya cak. Taya ba ta san wannan ba. Wanda ya gwada haka a ranar farko, tayoyin za su cije ƙasa, jikinsa ya wuce gaba, ya sha ƙasa. Dole mutum ya koyi yin kwana mai faɗi, ya riƙa zagayowa maimakon tsayawa, ya san inda zai ƙare tun kafin ya taka. Masu tsaron gida su suka fi shan wuya. A ƙanƙara suna faɗawa kan gwiwa su zame daga wannan turke zuwa wancan, a kan roba kuwa inda ka faɗi nan ka tsaya, sai dai ka yi tsalle ko ka miƙa hannu. Ga zafi, domin babu sanyin ƙanƙara da ke tasowa daga ƙasa, mutum yana cikin sulke yana jiƙewa sharkaf.

Su waye suka yarda da wannan? Yawancinsu 'yan ƙananan gasannin hokin ƙanƙara ne, irin su ECHL, samarin Kanada da arewacin Amurka waɗanda suka kai gwanaye amma ba su kai NHL ba. Daga Oktoba zuwa Afrilu suna yawo a bas daga ƙaramin gari zuwa ƙaramin gari a kan albashi kaɗan. Idan kaka ta ƙare, da yawansu aikin gini ko fenti ko koyar da yara suke nema. RHI ta zame musu ci-rani: gona ta huta, a tafi wani gari a nemi na cefane da abin da aka iya, lokaci ya yi a dawo. Kuɗin ba mai yawa ba ne, kuma an ɗaure shi da nasara, ƙungiyar da ta yi nisa a gasa 'yan wasanta su suka fi samu. Don haka babu wanda ya zo hutu. Amma ga wanda ya samu Anaheim, akwai abin da ya fi kuɗin. Saurayin da ya saba wasa gaban mutum dubu biyu ko uku a tsohon zaure mai wari, sai ga shi a ɗakin sauya kaya irin na manya, teku na kusa, yara suna layi suna miƙo masa riga ya sa hannu.

Chris McSorley ya san waɗannan samari ciki da bai, domin a wannan shekarar ya ci kofin ECHL da ƙungiyar Toledo. Bai ɓata lokaci wajen neman gwanayen wasa da taya a bakin teku ba. Ya ɗebo 'yan ƙanƙara masu tauri da suka san tsari, ya bar ƙafafunsu su koyi taya a hanya. Cikin waɗanda suka zama fuskar ƙungiyar akwai Victor Gervais, ɗan Kanada mai ido wajen raba ƙwallo, da Joe Cook a baya, da Savo Mitrovic, da Brad McCaughey, da wani mai tsaron gida ɗan jihar Michigan mai suna Rob Laurie.

Ƙungiyoyi 12 suka fara kakar 1993. Bullfrogs ta buga wasa 14, ta ci 13, ɗayan kuma ba a doke ta cikin lokacin wasa ba. Ta wuce wasannin fitar da gwani, ta doke Oakland Skates a ƙarshe, ta ɗaga Kofin Murphy na farko. Mighty Ducks ba ta buga wasanta na farko na gasa ba sai 8 ga Oktoba, inda Detroit ta lallasa ta 7 da 2 a wannan zaure. Wato kafin ƙungiyar Disney mai miliyoyin daloli ta ci ko wasa ɗaya, maƙwabtanta masu takalmin taya sun riga sun zama zakaru.

Kuma mutane sun zo. Bullfrogs ita ce kan gaba a RHI wajen 'yan kallo, a shekarunta masu kyau wajen mutum dubu goma ke shiga kowane wasa. Tikitin Ducks yana da tsada da wuyar samu, na Bullfrogs kuwa magidanci zai iya kwaso iyalinsa duka. Yaran da ke kan kujeru da yawansu sun buga irin wasan da rana a titin gidansu, sun san wuyar kwanar da suke gani. Akwai kuma abokiyar hamayya a kusa, Los Angeles Blades, wadda Jeanie Buss ke riƙe da ita, 'yar mai ƙungiyar kwando ta Lakers, wadda daga baya ita ta gaji jagorancin Lakers ɗin. Duk abin da ake nema a gina ƙungiya a kai, Anaheim tana da shi.

A nan ne shugabannin gasar suka yi wa rogo kallon kitse. Sun ga Anaheim, suka ɗauka haka kowane gari zai zama. A 1994 suka ninka ƙungiyoyi daga 12 zuwa 24, daga gaɓar tekun yamma har ta gabas, daga Florida har Kanada. A ido abin ya yi kyau. Sabuwar tashar ESPN2 tana nuna wasanni. Manyan sunaye sun shigo: Bryan Trottier, mai Kofin Stanley 6 a matsayin ɗan wasa, ya ɗaura takalmin taya a Pittsburgh. Yvan Cournoyer ya zama koci a Montreal. Manon Rhéaume, macen da ta fara tsare raga a wasan share fage na NHL a 1992, ta tsare wa New Jersey. Shi kansa McSorley ya koma Buffalo ya sake cin kofi a can. Amma kowace sabuwar ƙungiya tana nufin sabon mai gida, kuma ba a tsaya an duba zurfin aljihun kowa ba. Kuɗin shiga da sababbi ke biya yana da daɗin karɓa, sai dai sau ɗaya ake biyansa, hayar babban zaure da tikitin jirgi da masaukin 'yan wasa kuwa kullum ne. A garuruwa da yawa aka riƙa wasa gaban kujeru wayam.

Sai aka fara faɗuwa. A 1995 ƙungiyoyi 19 suka rage, a 1996 suka zama 18, a 1997 kuwa 10. Abin da ya fi ba ni tausayi a jerin nan shi ne nasara ba ta ceci kowa ba. Portland Rage ta kai wasan ƙarshe a 1994, ba ta ga kaka ta gaba ba. Buffalo Stampede da ta doke ta ta ɗauki kofi, shekara ɗaya ta ƙara ta ɓace. Pittsburgh da Trottier ɗinta kaka ɗaya tak ta yi. Wasu ƙungiyoyin suka riƙa sauya gari da suna kowace shekara. Mai kallo a Anaheim ya sayi jadawalin bana, ya ga rabin waɗanda ya tsana bara babu su, ga wasu sunaye da bai taɓa ji ba. Son ƙungiya da ƙin abokiyar karawarta tare suke girma, kuma dukansu suna bukatar shekaru. RHI ba ta ba mutane waɗannan shekarun ba.

Akwai kuma wani lissafi da ya ƙi fita. An ɗauka duk mai takalmin taya mai sayen tikiti ne. Ba haka ba ne. Mafi yawan masu takalmin motsa jiki suke yi a bakin teku ko a lambu, hoki bai dame su ba. Waɗanda ya dama kuma da yawa sun fi son su buga da su zauna kallo, musamman da yammacin bazara. Masu son hokin ƙanƙara na asali suna yi wa abin kallon wasan yara. Sannan yayin takalmin kansa ya fara sanyi a ƙarshen shekarun 1990. Da tashar talabijin ta janye, masu talla suka bi ta.

Cikin duk wannan rugujewa Bullfrogs ba ta daina cin wasa ba. Ba ta kai ƙarshe a 1994 da 1995 ba, amma a 1996 ta dawo, Orlando Jackals ta ƙwace kofin a hannunta. A 1997, da Brad McCaughey, ɗaya daga cikin 'yan wasanta na farko, a kujerar koci, ta doke New Jersey Rockin' Rollers ta ɗauki Kofin Murphy karo na biyu. Babu wata ƙungiya da ta taɓa cin kofin sau biyu sai ita. Ladan da ta samu shi ne sanarwar cewa babu gasa a 1998, RHI ta dakata don ta sake tsari ta nemo kuɗi.

Ƙungiyar da ta gaji da ta kwanta a nan. Bullfrogs ta kwashi kayanta ta shiga wata gasa mai suna Major League Roller Hockey, ta kuma ci kofin can a wannan shekara. A daidai lokacin, 'yan kilomitoci kaɗan daga Anaheim, a bakin tekun Huntington Beach, ESPN2 tana ɗaukar wani sabon salo mai suna Pro Beach Hockey, da gangara a bayan raga da kiɗa da rairayi, wanda aka ƙera don kyamara kawai. Talabijin ba ta bar hokin taya ba, ta dai zaɓi wanda ya fi arha da ƙyalli.

A 1999 RHI ta farfaɗo da ƙungiyoyi 8. Cikin 12 da suka fara a 1993, biyu kaɗai suka rage: Anaheim Bullfrogs da St. Louis Vipers. Su biyun kuma suka haɗu a wasan ƙarshe, St. Louis ta yi nasara. Ba a sake buga kakar RHI ba. Babu wanda ya kori Bullfrogs daga gasa, babu wanda ya fi ta a fili har ta karaya. A kaka 7 ta kai wasan ƙarshe sau 5, ta ɗauki kofi 3 a gasa biyu daban-daban. Ta duba hagu da dama ne kawai ta ga babu wanda za ta kara da shi, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Ana yawan ba da labarin RHI a matsayin abin dariya na shekarun 1990, a nuna riguna masu ruwan ɗorawa da shunayya da sunaye masu ban mamaki a wuce. Ban yarda da wannan ba, aƙalla game da Anaheim. A can an gwada abin an ga yana aiki: gida mai kyau, masu ƙungiya da suka san wasan, tikiti daidai aljihun talaka, 'yan wasa da ke dawowa shekara bayan shekara har yara suka haddace sunayensu. Da gasar ta tsaya a ƙungiyoyi kaɗan a yankin da wasan ke da saiwa, inda bas zai iya kai mutane maimakon jirgi, ta yi girma a hankali, ina kyautata zaton da ta fi haka daɗewa. Murphy ya saba da salon da ya yi masa aiki sau biyu: a faɗaɗa da sauri, a yi ƙara, har babbar gasa ta gaji ta buɗe ƙofa. Amma ABA da WHA suna da wanda zai haɗiye su domin wasa ɗaya suke yi da NBA da NHL, suna kuma ƙwace musu 'yan wasa. RHI ba ta tsone wa NHL ido ba, don haka babu mai dalilin sayenta. Waɗanda suka biya kuɗin wannan kuskure su ne samarin da suka rasa aikin bazara da iyalan da suka rasa wurin zuwa ranar Asabar.

Wasan dai bai mutu a Kalifoniya ba, ya koma inda ya fito, wurin yara da masu sha'awa. Cikin yaran da suka taso a kan taya a wancan zamani har akwai waɗanda suka kai NHL. Emerson Etem na Long Beach da Beau Bennett na Gardena, waɗanda aka zaɓa a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasan NHL a 2010, duka da hokin taya suka fara, kuma Anaheim ce ta ɗauki Etem. Ba zan ce Bullfrogs ce ta yi su ba, amma ƙasar da ta shuka a kai ita ta fitar da su. Ducks ta ci Kofin Stanley a 2007, ƙungiyar Kalifoniya ta farko da ta yi haka, a zauren da a lokacin an riga an sauya masa suna zuwa Honda Center. Chris McSorley ya tafi Turai ya shafe shekaru masu yawa yana jan ragamar ƙungiyar Geneva a Suwizalan. Backstrom da Murphy duka sun rasu a 2021.

Rob Laurie kuwa bai bar yankin ba. Ya gama yawonsa a ƙananan gasanni ba tare da ya taɓa buga NHL ba, ya zauna a kudancin Kalifoniya, ya ci gaba da tsare raga a wasannin sa-kai da atisaye. A NHL ƙa'ida ce kowace ƙungiya ta shiga wasa da masu tsaron gida biyu, kuma a wancan lokaci idan ɗaya ya ji rauni ba zato, akan nemi wani na kusa da zai cike gurbi. A 2013 Ducks ta taɓa kiransa a irin wannan hali. Sai kuma farkon Janairun 2014, Roberto Luongo, babban mai tsaron gidan Vancouver, ya ji rauni a wasa da Kings a Los Angeles, ga shi washegari suna da wasa a Anaheim. Ƙaramar ƙungiyarsu da za a ɗauko wani daga cikinta tana Utica, can jihar Niyok, a ɗaya gefen ƙasar. Aka kira Laurie.

Ranar 5 ga Janairu, 2014, yana da shekara 43, ya sa rigar Vancouver ya fito ɗumama jiki a zauren da ya fara tsare wa Bullfrogs raga a 1993, wannan karo da kaifin ƙarfe a ƙafa, manyan 'yan wasan duniya suna sakar masa bugu. Eddie Lack ne ya tsare ragar daga farko har ƙarshe, Laurie yana kan benci cikin sulkensa a shirye. Ducks ta ci 4 da 3, da ƙwallon da Corey Perry ya zura ana dab da tashi daga ƙarin lokaci.